Za mu ɗora littattafan kakanni a intanet, da me za mu fara?

Tambayar da ƙanenmu ya kawo ita ce: ya iya gina shafukan intanet, gidansu kuma akwai akwatunan littattafan kakansu rubutun hannu, wasu Larabci wasu ajami, ga kuma ƙaramin laburare na Islamiyyar gidan mai ɗauke da bugaggun littattafai. Dattawan gida sun ce tunda ya iya kwamfuta ya ɗora su a intanet. Shine yake tambaya WordPress, wato shiryayyiyar manhajar gina shafukan intanet, zai ɗauka ko ya zauna ya rubuta nashi daga tushe, sannan wace irin sikana ya kamata ya saya.

Ƙanena Allah ya saka maka da alheri kai da dattawan da suka yi wannan tunani, wallahi aiki ne babba kuma naji daɗi da ka tambaya kafin ka kashe ko sisi. Amsata a gajarce ita ce kada ka ɗauki WordPress yanzu, kada ka rubuta naka, kuma kada ka sayi sikana. Shafin intanet ɗin da kake ta tunani a kai shine abu na ƙarshe kuma shine mafi sauƙi a duk aikin, kamar ƙofar gida ne, sai an gama gini an yi rufi ake kafa ta. Yawancin ayyukan irin wannan da na ga sun mutu a hannun mutanenmu daga shafi aka fara su, shafin yayi kyau aka yi taron buɗewa, bayan shekara biyu ka shiga ka tarar babu komai.

Da farko ka raba aikin gida biyu don ba abu ɗaya bane. Bugaggun littattafan Islamiyya abinda suke buƙata katalogi ne da tsarin aro da mayarwa, wa ya ɗauki me, yaushe zai dawo da shi. Wannan an riga an gama warware shi tun da daɗewa, akwai manhaja mai suna Koha, kyauta ce kuma kowa na iya duba lambobinta ya gyara, a New Zealand aka ƙirƙire ta a 1999 don wani ƙaramin laburaren gunduma, yanzu kuma jami'o'i da yawa a duniya har da na nan gida suna aiki da ita. Tana amfani da MARC, tsarin rubuta bayanan littafi a kwamfuta wanda Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fito da shi tun shekarun 1960, kuma amfanin hakan gareka shine littafin da wani babban laburare ya riga ya yi wa katalogi zaka iya jawo bayanansa ka gyara kaɗan ba sai ka buga komai da hannu ba. In littattafan basu wuce ɗari biyu ko uku ba ma, gaskiya Excel ya isheku a yanzu, Koha tana son saba, wato kwamfutar da za a girka ta a kai tana aiki kullum, da wanda zai riƙa kula da ita. Wannan ɓangaren kenan, ba zan daɗe a kai ba.

Rubutun hannun nan ne inda aikin yake.

Abu na farko da zaka yi ba na kwamfuta bane ma sosai. Ka samu malami a cikin dangi ko almajiran gidan wanda ya iya karanta rubutun Magaribi irin namu kuma ya san littattafan da ake karantawa a zaure, ku zauna tare ku buɗe akwati ɗaya bayan ɗaya, kowane kundi ku bashi lamba. Lambar nan ta zama gajera mara ma'ana mai yawa, misali haruffa uku na sunan gidan sai 0001, 0002 haka dai, kuma in an bada ta an bada kenan har abada ba a canzawa ko da daga baya an gano an yi kuskuren sunan littafin. A rubuta ta da fensir a wata takarda daban a saka tare da kundin, banda biro, banda salatif, banda manna komai a jikin takardar asali. Sai ka buɗe Excel, kowane kundi layi ɗaya: lamba, sunan littafi in an sani, mawallafi, wanda ya kwafa, harshe, fanni ko fiƙihu ne ko nahawu ko waƙa ko wasiƙa ko magani, yawan warƙoƙi, tsawo da faɗi da santimita, kalmomin farko da na ƙarshe, halin da takardar take ciki, gara ta ci ko ruwa ya taɓa. Kalmomin farkon nan kada ka raina su domin kundi da yawa babu suna a jikinsu, da farkon baitin ne wani masani a Sakkwato ko Yamai zai gane cewa ai wannan waƙar wane ce. In kana son ginshiƙan Excel ɗinka su dace da na sauran duniya ka duba Dublin Core, rukunan bayani ne guda 15 da aka fara tsarawa a 1995 a wani gari Dublin na jihar Ohayo, kusan kowace manhajar adana kayan tarihi tana fahimtarsu, to in ka jera naka a kansu duk manhajar da ka koma gobe zata karɓa ba wahala.

Sannan maganar sunaye, ita ke kashe bincike. Mutum ɗaya wani ya rubuta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wani Usman dan Fodio, wani Uthman bin Fudi, wani kuma da haruffan Larabci, kwamfuta kuwa a wajenta mutum huɗu ne. Ku tsayar da siga ɗaya ga kowane mawallafi a wani shafin Excel daban, sauran sigogin a jera su a gefenta, duk mai shigar da bayani daga nan zai kwafo. Akwai kundin da marigayi John Hunwick ya tattara na marubutan wannan yanki namu da ayyukansu wanda ya fito a 1995, in ka samu a laburaren jami'a zai taimaka maka ƙwarai wajen gane wane littafi na wane ne.

Yanzu ɗaukar hoto. Littattafanmu na da yawancinsu ba ɗinkakku bane, warƙoƙi ne a sake tsakanin kwali biyu a cikin gafaka, abinda ke riƙe jerinsu shine kalmar nan da mai kwafa yake rubutawa a ƙasan shafi wadda ita zata fara shafi na gaba. To kaga in ka zuba su a sikanar ofis mai jan takarda da kanta ka gama da su, zata yaga kuma zata hargitsa. Ko mai murfin nan da ake dannewa bana so, takardar da ta shekara ɗari da hamsin tana shan hunturu da damina bata son danni. Abinda ake yi kyamara ce a kafe a sama tana kallon ƙasa, fitila biyu hagu da dama a karkace kamar digiri 45 don kada haske ya yi ƙyalli, baƙin ƙyalle ko kwali a ƙasa, rula da katin launi a gefen takardar. A ɗauki shafin gaba ɗaya har gefensa ya fito, kada a yanke, saboda sau da yawa abin da ya fi daraja yana gefen ne, ɗan sharhin da kakanku ya rubuta da ƙaramin alƙalami, fassarar kalma da ajami a tsakanin layuka, ko sunan wanda ya mallaki littafin kafin shi. Shafin da babu rubutu ma a ɗauka. Kuma in ka tarar warƙoƙi a hargitse ka ɗauke su yadda ka same su tukuna, gyaran jeri a kwamfuta ake fara yinsa bayan malam ya tabbatar.

Wani abu da zan so ka gwada, ka ɗaga takarda ɗaya ka haska ta da fitila ta baya. Sau da yawa zaka ga tambarin jinjirin wata guda uku a jere a cikin jikin takardar. Takardar arewacin Italiya ce da fatake suka riƙa kawowa ta hamada, ta cika rubuce-rubucen ƙasar Hausa da Barno na ƙarni na 19, kuma masana suna amfani da irin wannan tambari wajen kintata shekarun kundin da ba a rubuta kwanan wata a jikinsa ba. In ka gani ka ɗauki hotonsa ka rubuta a Excel.

In babu kuɗin kyamara, waya mai kyau a kafe a kan sanda ta fi zaman jira, amma ka kashe duk wani gyaran launi da wayar ke yi da kanta, kuma don Allah kada hoton ya bi ta WhatsApp, matse shi yake yi ya zubar da rabin ingancin. Da waya ko kebul ake kwashewa.

Hoton asali a ajiye shi a nau'in fayil na TIFF mara matsi, aƙalla 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, a girman takardar na gaskiya. Yi lissafi tun yanzu don kada abin ya baka mamaki: shafi mai girman A4 a 300 dpi mai launi yana cin kusan megabait 26, shafi dubu goma kenan kusan gigabait 260. Ba wani abin tsoro bane a yau, amma wannan ba shine zaka ɗora a shafin intanet ba. Daga TIFF ɗin zaka fitar da ƙananan JPEG na kallo, na asalin kuma ba a taɓa shi, ba a gyara shi, ba a sa masa tambarin gida a kai. Sunan fayil ya bi lambar kundi da lambar warƙa, kamar 0001_001a da 0001_001b na gaba da baya, babu tazara babu haruffa masu ƙugiya a sunan fayil.

Ajiya kuma ƙa'idar da kowa ya sani a wannan sana'a ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gari daban. Faifan ajiya ɗaya a gida, ɗaya wajen ɗan uwa a wani garin ko a wata cibiya da kuka yarda da ita, ɗaya a intanet. Filashi ba wurin ajiya bane. Faifan ma yana mutuwa musamman da zafinmu da yadda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, don haka duk bayan 'yan shekaru a kwafe zuwa sabo. Tunda kai mai rubuta manhaja ne wannan zai maka sauƙi: ka lissafa SHA-256 na kowane fayil, wato lambar da ake fitarwa daga abinda ke cikin fayil kamar tambarin yatsansa, ka ajiye jerin, duk shekara ka sake lissafawa ka gwada, in lamba ta canza to fayil ya lalace a ɓoye sai ka maido daga wani kwafin. Mutane da yawa basa yin wannan sai ranar da suka buɗe hoto suka ga rabinsa toka-toka, kuma lalataccen suka yi ta kwafewa shekara da shekaru.

Kada ka ɗauka manya sun tsira. A ƙarshen Oktoban 2023 wasu 'yan kutse da ake kira Rhysida suka shiga Laburaren Birtaniya da ke Landan, suka kwashi bayanai kusan gigabait 600 suka lalata sabobi suka nemi kuɗin fansa, laburaren ya ƙi biya, katalogin su bai dawo intanet ba sai Janairun 2024 shima ba cikakke ba. A rahoton da suka fitar da kansu sun ce alamu sun nuna an shigo ne ta wata hanyar shiga daga nesa wadda ba a sa mata tabbatarwa mai mataki biyu ba, wato neman wata shaida ta biyu bayan kalmar sirri, kuma tsofaffin manhajojin da suka tara ne suka sa farfaɗowar tayi tsawo. Abinda ya cece su suna da kwafin ajiya na tarin nasu. A ɗaya gefen kuma ka tuna Timbuktu, a Janairun 2013 aka ƙone kundaye kusan dubu huɗu a Cibiyar Ahmed Baba, dubban ɗaruruwan da suka tsira mutane irin su Abdel Kader Haidara ne suka fitar da su a akwatuna a ɓoye zuwa Bamako ta mota da kwalekwale. Wato takardar tana buƙatar hoto, hoton ma yana buƙatar takardar, kada wani ya ce tunda an ɗauka a kwamfuta a mayar da akwatunan ɗakin da ke yoyo.

To sai shafin. Dalilin da yasa nace kada ka rubuta naka ba raina iyawarka nayi ba, nasan zaka iya. Matsalar ita ce ranar da ka samu aiki a Abuja ko kayi aure hidima ta yi yawa, babu wanda ya san cikin abinda ka rubuta sai kai. Manhajar da dubban cibiyoyi ke amfani da ita kuwa ko baka nan wani zai karanta littafin jagorarta ya ci gaba. Ga irin tarinku Omeka ce ta fi dacewa, Jami'ar George Mason ta Amurka ta fitar da ita a 2008, PHP da MySQL ce kamar WordPress ɗin da ka saba, akan Dublin Core aka gina ta kuma tana shigo da Excel ɗinka in ka mayar da shi CSV, wato jadawali a sigar rubutu zalla. DSpace da MIT da kamfanin HP suka yi a 2002 ita jami'o'i suka fi ɗauka don kundayen digiri da muƙalu, tana da nauyi, tayi muku yawa. AtoM kuma ta masu taskar takardun hukuma ce inda ake jera fayil cikin fayil. In kuɗin hostin, wato hayar wurin da shafin zai zauna a intanet, na wata-wata zai zama matsala, duba CollectionBuilder na Jami'ar Idaho, CSV da jakar hotuna kawai kake bata ta haɗa maka shafi tsayayye mara rumbun bayanai a baya, babu abinda ɗan kutse zai fasa, kuma ana iya ɗora shi kyauta a GitHub Pages. Ni don ƙaramin tarin iyali wannan na fi so, shafin da ba ya buƙatar a riƙa sabunta shi duk wata shi ke daɗewa.

WordPress ba laifi tayi ba, don labarai da sanarwa aka yi ta, zata karɓi hotunanka amma bata san mawallafi daban mai kwafa daban ba, sai ka cika ta da ƙarin kayan da kowannensu ƙofa ce ta kutse. Facebook kuma a tallata aikin a can amma ba ma'ajiya bace, dandali irin wannan yana mutuwa da kayan mutane a ciki, GeoCities an rufe ta a 2009, Google+ a 2019, shafukan laburare da yawa da aka gina da manhajar Flash sun daina buɗewa bayan ƙarshen 2020.

Ka koyi IIIF tun da wuri. Ƙa'ida ce da manyan laburare suka haɗu suka tsara ta yadda ake miƙa hoto gutsure-gutsure, mai karatu ya zuƙo wasali ɗaya ya gani tar ba tare da ya sauke megabait 26 ba, kuma da manhajar kallo irin Mirador mutum zai iya ajiye kwafinku gefe da gefe da kwafin littafi ɗaya da ke Faris ko Landan yana gwadawa layi-layi. A wajenmu amfaninta ya ma fi, tunda masu shiga shafinka kusan duk da waya zasu shigo kuma data suke saya. Ka gwada shafin a ƙaramar waya a inda sabis ke da rauni kafin ka nuna wa kowa.

Akwai abubuwan da suka shafi harshenmu da waɗanda suka rubuta manhajojin nan basu yi tunaninsu ba. Komai ya zama UTF-8, tsarin adana haruffa da ya san haruffanmu, tun daga rumbun bayanai har shafi, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ zasu koma alamar tambaya, kuma ka kula Excel na iya ɓata su wajen fitar da CSV in baka zaɓi UTF-8 ba. Bincike kuma dole wanda ya buga "wakar" ya samu "waƙar" domin yawancin mutane babu ƙugiya a allon wayarsu, sannan mutanen Nijar da ƴ suke rubuta abinda mu muke rubutawa da 'y. In manhajar tana amfani da injin bincike na Solr ko Elasticsearch akwai matatar ASCII folding da ke mayar da masu ƙugiya zuwa marasa ita a wajen bincike kawai, rubutun da ake gani yana nan daidai. Filayen Larabci da ajami a sa musu dir="rtl" don rubutun ya tafi daga dama zuwa hagu. Don nuna ajami akwai salon haruffa biyu kyauta daga ƙungiyar harsuna ta SIL, Harmattan da Alkalami, na biyun ma rubutun Kano aka kwaikwaya. OCR kuwa, wato kwamfuta ta karanta rubutun da ke cikin hoto, kada ka sa rai a kan rubutun hannu na ajami, akwai manhajoji irin eScriptorium da ake koya wa karanta rubutun hannu amma sai an fara basu shafuka masu yawa da mutum ya kwafe da kansa. Wannan ma yana cikin dalilin da na nace a kan Excel, duk abinda baku rubuta a can ba babu mai samunsa ta bincike.

Na taɓa ganin wata cibiya, ba zan kama suna ba, ɗan bautar ƙasa ne ya gina musu shafi mai kyau ya yi rajistar domen, wato sunan shafin a intanet, da imel ɗinsa da katin bankinsa, ya gama hidima ya tafi. Shekara ta zagayo domen ya ƙare, saƙon tuni yana zuwa imel ɗin da babu mai dubawa, kafin su farga wani ya saye sunan, duk adireshin da ɗalibai suka rubuta a kundayen bincikensu ya mutu. Don haka domen da hostin a yi su da imel na gidan ko na makarantar, mutum biyu ko uku su san kalmar sirri, a rubuta a takarda a ajiye wajen babban gida, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Adireshin kowane kundi ya ƙunshi lambar nan tasa da bata canzawa. In shafin ya tashi ka aika shafukansa Wayback Machine na Internet Archive su ajiye kwafi.

Sai wanda ya fi duk waɗannan nauyi a wajena. Ba duk abinda ke akwatin kaka ne na idon duniya ba. Zaka tarar da wasiƙu masu sunayen mutanen da jikokinsu na raye, takardun gado da na gona da bashi, laƙani da hatimai da malamin ya ba wa wanda ya yarda da shi kawai. A ɗauki hoton duka don adanawa, amma a ƙara ginshiƙi ɗaya a Excel: na kowa, na mai neman izini, na dangi kaɗai. Dattawa ne zasu yanke ba kai ba, kuma a rubuta yardarsu a takarda su sa hannu, don kada gobe wani reshen dangi ya taso yace ba a shawarce shi ba. Bugaggun littattafan zamani kuma katalogi kawai za a ɗora banda hoton cikinsu, a dokar Najeriya haƙƙin mallakar rubutu yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci.

Maganar tallafi, akwai shirin Endangered Archives na Laburaren Birtaniya da aka fara a 2004 da kuɗin gidauniyar Arcadia, sun taɓa ɗaukar nauyin ayyuka a arewacin Najeriya har da na waƙoƙin jihadi na ajamin Fulfulde. Sharaɗinsu asalin takardu basa barin ƙasa, amma hotunan za a buɗe su ga kowa a intanet, to a karanta wannan da kyau tare da dattawa kafin a sa hannu. Jami'ar Boston ma tana da taskar ajamin Afirka da Farfesa Fallou Ngom ya jagoranta, akwai na Hausa a ciki, shiga ka ga yadda suka rubuta bayanan kowane kundi. A gida kuma ka je Arewa House a Kaduna, ko Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, ka zauna da masu kula da kundaye ka ga yadda suke riƙe takarda da yadda suke naɗe ta.

Ka fara da akwati ɗaya, kundi ashirin kawai, ka bi su tun daga lamba har hoto har kwafi uku har su bayyana a shafin gwaji a kwamfutarka. A nan zaka gane tsawon lokacin da kundi ɗaya ke ci da ginshiƙan da suka yi kaɗan. In ka cike layi ashirin ɗin turo min Excel ɗin in duba maka kafin ku buɗe akwati na biyu, ka gaishe min da su Baba.